Baƙon awa takwas: me fasinjan jirgin ruwa ke gani a Zanzibar?

A shekarar 2023 kaɗai, mutum fiye da miliyan 31 suka hau manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, waɗanda ake kwana a ci a sha a cikinsu na mako ɗaya ko biyu, suna bin teku daga wannan tasha zuwa waccan. Da yawa daga cikin wuraren da suke yada zango ƙananan garuruwa ne na tsibirai masu zafi da itatuwan kwakwa, a yankin Karebiyan da Tekun Indiya da Tekun Fasifik. Jirgi kan iso da sassafe, ya juye dubban mutane a bakin gaɓa, kafin magariba ya kwashe abinsa ya yi gaba. Kowannensu kuma zai koma gida da hukuncin da ya yanke wa garin. Wannan ya ce aljannar duniya ce, wancan ya ce ba komai can sai 'yan talla masu naci da gine-ginen da ke shirin faɗuwa. Irin waɗannan maganganu idan suka taru su ne ke zama sunan da duniya ta san gari da shi, mutanen garin kuwa ba su da bakin musantawa.

Mu nan Sakkwato teku ta yi mana nisa, sai mutum ya yi tafiyar kilomita wajen 1,000 kafin ya gan ta a Legas. Amma zamani ya kawo mana labarin har ƙofar gida. Kawuna, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ɗiyarsa da ke aikin likita a waje ta biya masa shi da mahaifiyarta kuɗin irin wannan tafiya. Jirginsu ya taso daga Mombasa ta Kenya, ya yini a tsibirin Zanzibar na Tanzaniya, sannan ya wuce wasu tsibiran. Tun da ya dawo, idan aka shimfiɗa tabarma bayan isha'i, da wuya a tashi zancen Zanzibar bai shigo ba.

Ya ce tun daga kan ruwa ya hango fararen benaye a jere da jiragen katako masu tafiya da iska. Da aka yi jigilarsu zuwa gaɓa a ƙananan jirage, abin da ya fara bugun hancinsa ƙamshin kanumfari ne gauraye da ƙarnin kifi. Lunguna masu ƙunci waɗanda mota ba ta shiga, ƙofofin katako masu sassaƙa da manyan ƙusoshin tagulla, mata cikin lulluɓi, maza da farar riga da hula mai ɗinki. "Wallahi ɗan nan, Musulmi na kamar mu, ban ji baƙunci ba," in ji shi. Sai dai yana da ƙorafi. Tun daga bakin tasha 'yan talla suka yanyame su, kowa da dala yake faɗin farashi, ga gidaje masu kyau sun tsattsage an tokare su da itace. Daga nan ya yanke cewa mutanen kirki ne amma ba su da wata sana'a sai jiran Turawa. Na ce, "Kawu, awa nawa kuka yi a ƙasa?" Ya ce, "Takwas ba su cika ba. Amma ni dai abin da nig gani shi nika hwaɗi."

Da gaskiyarsa, kuma shi ba mai ƙarin gishiri ba ne. Abin da ya dame ni shi ne wanda ya tsara masa abin da zai gani, domin fasinjan irin wannan jirgi ba ya shiga gari yadda matafiyi ke shiga. Akwai agogo a kansa, akwai dillali a gabansa, kuma duka biyun na kamfanin jirgin ne.

A fara da agogon. Kafin a sauka ana shelanta wa kowa lokacin da dole ya dawo, galibi wajen ƙarfe huɗu ko biyar na yamma, kuma a gaya masa ƙarara cewa in ya makara jirgi ba zai jira shi ba, sai ya nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Wanda kawai ake jira shi ne wanda ya sayi rangadin da kamfanin ya shirya. Wannan tsoro shi ke sayar da rangadin. Dattijo mai iyali, a ƙasar da bai san harshenta ba, ba zai yi gangancin hawa motar haya ya nausa ƙauye ba. Zai bi jagora mai ɗaga tuta, a tsaya inda aka ce a tsaya, a ɗauki hoto, a wuce. Dalilin gaggawar kuwa ba ɓoyayye ba ne. A mafi yawan tashoshi dokar kwastan ba ta yarda shagunan cikin jirgi da ɗakin cacarsa su buɗe ba muddin yana bakin gaɓa, sai ya fita teku. Manyan kamfanonin kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu daga abin da fasinja ke kashewa bayan ya sayi tikiti yake fitowa, wato abin sha da caca da shaguna da rangadi. Duk awar da fasinja ya yi yana yawo a gari da aljihunsa, awa ce da jirgin ya rasa ciniki. Shi ya sa ake so ya ci abincin dare a cikin jirgi.

Ga abin da wannan ke jawowa a Zanzibar. Fasinja yana cikin gari ne daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da rana ta take, masu gari sun shige inuwa ko suna wuraren aikinsu. Waɗanda suka rage a kan hanyarsa su ne waɗanda suka fito dominsa. Lambun Forodhani da ke bakin ruwa, inda 'yan gari ke taruwa da iyalansu ana gasa kifi da nama ana matse rake, sai da faɗuwar rana yake cika, a lokacin kuwa jirgi ya ɗaga. Masunta sun riga sun sauke kifinsu tun da asuba. Don haka mutumin da ya ce bai ga kowa ba sai 'yan talla bai yi ƙarya ba, sai dai an kawo shi ne daidai sa'ar 'yan talla, aka bi da shi ta layinsu. Nacin nasu ma yana da dalili. Wanda ya san kasuwarsa ta awa shida ce, kuma wataƙila sai bayan kwanaki wani jirgin zai zo, ba shi da sararin yin ciniki cikin natsuwa. Da yawansu ma ba 'yan tsibirin ba ne, daga babban yankin Tanzaniya suka tsallako neman abinci, haka ma yawancin zane-zane da sassaƙe-sassaƙen da suke sayarwa.

Batun dillancin ya fi wannan zurfi, kuma Bahaushe zai fi saurin gane shi ta hanyar tsohon tsarinmu na fatauci. A da idan ayari ya iso gari, falke kan sauka ne a gidan fatoma. Fatoma ya ba shi ɗaki, matan gidan su dafa masa, a adana masa kaya, a nemo masa mai saye, a tsaya masa in rigima ta taso, sannan fatoma ya ɗauki la'adarsa. Da kuɗin kwana da na abinci da la'ada duk a cikin gari suke zama, su zaga daga mai itace zuwa mai fura zuwa ɗan dako. To a wannan harka jirgin ne fatoma. Shi ne masauki, shi ne mai dafa abinci, shi ne dillali, kuma da yamma yakan tafi da gidan gaba ɗaya. Abin da ya rage wa gari shi ne kuɗin tsaraba, da na mota, da harajin da gwamnati ke karɓa kan kowane kai. Ko rangadin da ɗan gari ke gudanarwa da motarsa da bakinsa, idan ta hannun jirgi aka saye shi, kamfanin kan riƙe kaso mai tsoka, wani lokaci har rabi. A tashoshin Karebiyan har taswira ake raba wa fasinjoji mai ɗauke da sunayen shagunan da aka ce an amince da su, alhali shagunan biyan kuɗi suke yi kafin a sa su a ciki.

Sai a tambaya, me ya hana gwamnatocin tsibiran su ƙara haraji? Abin da ya hana su shi ne otal ba ya tashi, jirgi kuwa yana tashi. A 1999 ƙasar Girenada da ke yankin Karebiyan ta sa harajin dala ɗaya da rabi kan kowane fasinja domin aikin kwashe shara, sai kamfanin Carnival ya janye jirginsa daga tsibirin. Sauran tsibiran sun ga abin da ya faru, kowa ya shiga taitayinsa. Ko Meziko da girmanta, da majalisarta ta amince da harajin dala 42 a ƙarshen 2024, matsin lambar kamfanonin ya sa aka dawo da shi dala 5 a matakin farko. Kamfanonin nan a birnin Miyami na Amurka manyan ofisoshinsu suke, amma Carnival a Fanama ya yi rajista, Royal Caribbean kuma a Laberiya, jiragensu na ɗauke da tutocin ƙasashe irin su Bahamas da Fanama da Malta. Da haka suke kauce wa mafi yawan harajin riba na Amurka da dokokinta na ƙwadago, su ɗebo ma'aikata daga Filifin da Indunusiya da Indiya waɗanda ke yin watanni a kan ruwa ba hutun mako.

Girman abin ma ya wuce yadda muke zato. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 tsawonsa mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Tsibirin Kozumel na Meziko mutanensa ba su kai 100,000 ba, amma fasinjojin da ke sauka a can a shekara sun haura miliyan 4. A Nasau, babban birnin Bahamas, akan sami ranar da mutum fiye da 20,000 za su sauka lokaci guda. Daga baya ma kamfanonin suka ga ba lallai ne su raba ko ɗan abin da ya rage da kowa ba, sai suka shiga karɓar hayar tsibirai suna mayar da su nasu. Royal Caribbean na da CocoCay a Bahamas, Disney na da Castaway Cay, sannan akwai Labadee a arewacin Haiti, wani yanki da aka kewaye da shinge tun shekarun 1980, inda aka daɗe ana kai fasinja ya yi wanka ya ci ya sha ya koma ba tare da ya taka garin Haiti ko ɗaya ba. Zanzibar ba ta kai nan ba. Jiragen da ke zuwa can sun fi ƙanƙanta kuma ba kullum ba ne, mafi yawan baƙinta ta jirgin sama suke zuwa su kwana a otal. Amma tsarin ɗaya ne, kuma inda ya dosa ke nan.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, garin da ake ratsawa cikin awa takwas, baƙi masu daɗewa ne suka gina shi. Iskar Tekun Indiya kan kaɗo daga arewa maso gabas tun daga wajen Nuwamba zuwa Maris, sannan ta juya daga Afrilu. Fataken Oman da Yaman da Farisa da Indiya da suka zo da jiragen iska dole su zauna watanni suna jiran ta juya kafin su koma. A cikin wannan jira aka yi aure, aka haihu, aka gina masallatai da gidaje, harshen Suwahili ya cika da kalmomin Larabci. A wajen 1840 Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya ga ribar wurin har ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar, ya cika tsibiran da gonakin kanumfari. Ƙofofin da kawuna ya yaba, da benayen dutsen murjani da farar ƙasa, mafi yawansu daga wannan zamani suke, kuma saboda su ne UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Tsagewar gidajen ma tana da tarihinta, wanda jagoransu bai taɓo ba. A ranar 12 ga Janairun 1964 aka yi juyin juya hali aka kifar da sarautar Larabawa, aka kashe dubban mutane, Larabawa da Indiyawa da dama suka gudu. A watan Afrilun shekarar aka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Gwamnati ta karɓe gidaje masu yawa ta zuba talakawa a ciki, iyali da yawa a gida ɗaya, ba mai gida takamaimai da zai kula da rufi. Gini na murjani da farar ƙasa kuwa yana son gyara a kai a kai, in aka liƙa masa siminti sai danshi ya maƙale a ciki ya ci bangon. Ko shahararren benen nan Baitul Aja'ib, wanda Sarki Bargash ya gina a 1883, gini na farko da ya sami lantarki a tsibirin, wani sashensa ya rufta a Disambar 2020 ana cikin gyaransa. Yau gidajen da ke samun gyara mafi yawa su ne waɗanda aka mayar otal ko shagon tsaraba, masu zama a ciki kuma su koma bayan gari. Wato kuɗin baƙi na ceton bango, yana kuma fitar da mutanen da suka sa bangon ya zama gari.

Su waɗannan mutane ina suke? Tsallaken titin da ya bi ta kasuwar Darajani akwai Ng'ambo, inda mafi yawan mutanen birnin ke zaune, da dogayen benayen Michenzani da aka gina bayan juyin juya hali bisa tsarin Jamus ta Gabas. Tafiyar minti kaɗan ce a ƙafa daga inda aka tsaya da kawuna, amma ba ta cikin rangadi. Zanzibar gaba ɗaya, wato tsibiran Unguja da Pemba, ƙidayar 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 1.9 ne. A cikinsu akwai manoman kanumfari, waɗanda mafi yawansu a Pemba suke kuma hukumar gwamnati ce ke sayen amfaninsu. Akwai matan gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, masu noman ciyawar teku tun ƙarshen shekarun 1980, suna shiga ruwa idan ya janye su ɗaura ta a igiya, su shanya, a fitar da ita waje. Akwai masunta da maƙeran jirage da malamai da ma'aikatan gwamnati. Gonar kayan yaji da ake kai baƙi su shinshina kirfa da citta da kanumfari, gonar nuni ce da aka shirya domin su. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma maganar cewa ba su da sana'a a nan ta rushe.

Akwai wuri ɗaya da kusan kowane rangadi ke tsayawa, wato majami'ar Angilika da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi bayan an rufe ta a 1873. Ana nuna wa baƙi ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da gumakan mutane cikin sarƙa. Kawuna ya ce ya fito jikinsa a sanyaye, kuma ya dace ya yi sanyi, domin gonakin kanumfarin nan da gumin bayi aka noma su. Amma cikin ɗan lokacin da aka ware, abin da ake iya faɗa shi ne Larabawa sun sayar, Ingilishi sun hana, a koma mota. Ba a kai ga cewa bautar kanta ba a soke ta a tsibiran ba sai 1897, ko cewa Ingila ɗin da ta hana ita ce ta yi wa fadar ruwan wuta a 1896 a yaƙin da bai kai awa ɗaya ba, ko yadda jikokin bayi da jikokin iyayen gijinsu suka ci gaba da zama gari ɗaya har abin ya fashe a 1964. Mu da muka fito daga Daular Usmaniyya mun san wannan magana ba ta minti ashirin ba ce, domin mu ma akwai rinji da bayi a tarihinmu, kuma ba za mu so baƙo ya taƙaita mu a jimla biyu ba, ko ta yabo ko ta zargi.

Wuri guda ne kawai kawuna ya fita daga layi, kuma shi ne abin da ya fi daraja a labarinsa duka. Da azahar ta yi ya roƙi jagoran ya nuna masa masallaci. Masallatan tsohon garin, kusan 50, yawancinsu ba su da doguwar hasumiya, sai ka wuce ƙofa ba ka sani ba. Ya cire takalmi, ya yi alwala a wani kwarami na dutse da ya sha hannaye har ya yi santsi, ya bi sahu. Mafi yawan mutanen can Shafi'awa ne, amma akwai Ibadawa 'yan asalin Oman, waɗanda ke sakin hannu a salla kamar yadda Malikawanmu ke yi. Bayan sallama wani tsoho da ya lura da sakin hannunsa ya tambaye shi da Larabci daga ina. Ya ce daga Sakkwato, garin Shehu Usmanu. Tsohon ya riƙe hannunsa bai saki ba, ya ja shi zuwa dakalin ƙofar gida inda ake zuba gahawa a 'yan ƙananan kofuna, ya ce ya zauna, in an jima a shiga gida a ci abinci. Kawu ya ce ya kai kofin baki ke nan sai ga jagoran yana nuna masa agogo. Ya kurɓa sau biyu, ya yi godiya, ya tashi. Bai san sunan tsohon ba har yau. Wannan ita ce ƙofar da garin ya buɗe masa da kansa, ba kuɗi ba la'ada, kuma tsarin tafiyar ne ya rufe ta.

Ba na cewa jiragen nan ba su da amfani ga kowa. Direban da ya yi jigila, da matar da ta sayar da gyale goma, da saurayin da ya koyi Italiyanci a titi yana jagora, duk ranar jirgi ranar samu ce a gare su. An ga haka a 2020, bayan cutar korona ta kama mutum fiye da 700 a jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama, harkar ta tsaya cik fiye da shekara, garuruwan da suka dogara da ita suka shiga wani hali. Gwamnatin Italiya ta iya hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Benis a 2021 saboda ko babu jiragen, baƙi ba za su yanke wa birnin ba. Mutanen Key West a Amurka sun kaɗa ƙuri'ar rage su a 2020, majalisar jihar Fulorida ta soke hukuncin a shekarar da ta biyo. Ƙaramin tsibiri mai bashi a wuya kuwa gaba kura ne baya sayaki. In ya karɓa, ga shara da cunkoso da lalacewar murjanin teku da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In ya ƙi, maƙwabcinsa na jira da hannu biyu. Fasinja shi ma yana da haƙƙinsa. Mutum kamar kawuna, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa, ba don irin wannan jirgi ba da ba zai taɓa ganin Tekun Indiya ba, kuma ba zan raina wannan ba.

Mu Sakkwatawa mun daɗe da sanin baƙo mai rubuta labarinmu. Baturen Birtaniya Kilafatan ya iso nan a Maris na 1824, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo, ya yi kusan mako bakwai yana ganawa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya dawo a 1826, a nan kuma ajali ya same shi a Afrilun 1827. Bajamushe Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1853 zamanin Aliyu Babba, yana jin Hausa da Larabci, ya zauna a Wurno da Sakkwato da Gwandu. Su ma ba komai suka gani ba. Bello bai bar Kilafatan ya wuce Yawuri ya kai ga kogin Kwara ba a zuwansa na farko, kuma akwai abubuwan da suka fahimta a karkace. Amma wanda ya tsara musu abin da za su gani ɗan gari ne, a gidan ɗan gari suka kwana, tuwon garin suka ci, suka yi jinya a hannun mutanensa. Shi ya sa har yau masana tarihinmu ke iya amfani da abin da suka rubuta, su ɗauki na ɗauka su gyara na gyarawa.

Yanzu da ake ta zancen jawo masu yawon buɗe ido zuwa jihohinmu, ina ganin irin baƙon awa takwas ya riga ya fara zuwa mana, ta sama maimakon ta ruwa. Tawaga ta taso daga Abuja da safe, a kai ta fadar Sarkin Musulmi, a leƙa Hubbaren Shehu, a shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu, a ci abinci a otal, da yamma a koma filin jirgi. Sun ratsa gari da tsakar rana cikin mota mai sanyi, sun ga almajirai a bakin danja da tituna da zafi ya kore wa mutane, kuma abin da za su faɗa ke nan in sun koma. Haka bikin kamun kifi na Argungu, da aka faro a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu: gasar kanta ba ta fi awa guda ba, manyan baƙi da yawa kuma da an auna babban kifi sun kama hanya. A gefe guda ga masu ziyarar Hubbare daga Nijar da ƙauyukanmu da sauran jihohi, waɗanda ba wanda ke ƙirga su a matsayin masu yawon buɗe ido, amma su ne ke kwana a gari, su sayi fura da tuwo, su hau kabu-kabu, su sayi littafi da tasbaha da takalmin fata.

Da za a nemi shawarata a ma'aikatar da ke kula da wannan harka, sai in ce a daina ƙirga kawunan da suka shigo, a ƙirga dararen da aka kwana. A horar da jagorori 'yan gari masu jin harsuna, waɗanda baƙo zai biya kai tsaye. A tsara ziyara yadda za ta kai yamma da safiya, lokacin da gari ke raye. Masu kawo baƙi kuma a sa musu sharaɗin bi da su ta wurin majema da madunka, a sayi jaka da fatar jar akuya daga hannun wanda ya ɗinka, tunda fatar nan ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsallaka Sahara ana sayar da ita a Turai da sunan Maroko. Gyaran masaukin masu ziyara da ban-ɗakunan da ke kewayen Hubbare ba zai ci kuɗin da taron ƙaddamarwa guda ɗaya ke ci ba.